Ƙaramar Mota Mai Giyar Hannu Da Yadda A Ke Kiwonta

Duk wanda ya leƙa babbar kasuwar hatsi da kaka, ko Dawanau, ko Dandume, ko Saminaka, ba zai rasa ganin ƙananan motoci jere a bakin tasha ba, ko wace an danƙara mata buhuna har but ya ƙi rufuwa, an kama shi da igiya. Aikin da jakai da amalanke su ke yi a dā, na kai amfanin gona daga ƙauye zuwa kasuwa, yanzu da yawansa ya koma kan waɗannan motoci. Manomi in ya ci kaka mai albarka ya kan so ya mallaki ɗaya. Haka ɗan kasuwa, haka kuma malamin ofis mai gona a ƙauyensu. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, a shekarar 2023, kuɗin mai ya ninka ya sake ninkawa, sai ƙaramar mota mai ƙarancin shan mai ta ƙara daraja a idon mai lissafi.

Amma sau da yawa a kan ga mutum ya sayar da shanu biyu ko hatsin shekara guda ya sayi mota, kafin kaka ta zagayo tana kwance a gareji, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Sai ya ce an cuce shi, an sayar masa da tsohuwa. Wani lokaci haka ne. Amma galibi abu uku ne su ke kashe irin wannan mota: lodin da ya wuce ƙa'ida, da ƙafar direba a kan kuloci, da ƙura. Dukansu kuwa a hannun mai motar su ke.

ASALIN MOTOCIN

Wadda aka fi gani a hanyoyin kasuwannin Arewa ita ce Golf, ƙirar kamfanin Volkswagen na Jamus. An fara ƙera Golf a 1974, ta biyu ta fito a 1983, ta uku kuwa, wadda a ke kira Golf 3, ta fito a 1991. An daina ƙera gajerarta a 1997, doguwar mai faɗin but kuma a 1999. Akwai kuma Starlet ta kamfanin Toyota na Japan, wadda ta yi suna a aikin tasi a Yamai, ita ma an daina ƙera ta a 1999.

A dā sabuwar mota a kan saya. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Ikko. Da darajar naira ta fara faɗuwa daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, sai aka koma ga waɗanda Turawa suka hau suka bari, a ke shigo da su ta Kwatano da Ikko. Watau ke nan duk Golf 3 ko Starlet da ke kan hanya yau ta haura shekara 25 da ƙira. An kuma ƙera su ne domin mutum biyar da jakunkunansu, a kan kwalta mai santsi, a ƙasar sanyi. Wanda zai sa su aikin burji da buhuna a zafin bazara, dole ya riƙa tunawa da wannan.

ABIN DA YA SA GIYAR HANNU TA DACE DA ƘAUYE

Injin ƙaramar mota ba shi da ƙarfin da zai ja ta kai tsaye daga tsaye. Giya ita ce ke juya gudun injin ya zama ƙarfi. Giya ta ɗaya kamar shanun huɗa ta ke, ga ƙarfi, ba sauri. Ta biyar kamar doki ce a fili, ga sauri, amma ba ta jan nauyi. A mota mai giyar hannu direba ne ya ke zaɓe da kansa. A otomatik kuwa motar ce ke zaɓa.

Mai giyar hannu ta fi dacewa da ƙauye sabo da dalilai huɗu. Na fari, akwatin giyarta, watau giyabos, haƙoran ƙarfe ne kawai a cikin mai, ba ya da wuyar sha'ani, makanikin ƙaramin gari ya kan iya kwance shi ya mayar. Na biyu, in batir ya yi sanyi a kan iya tura ta, a sa giya ta biyu, a saki kuloci, ta tashi. Otomatik ba ta tashi da turi. Sai dai a sani, mai injekta tana bukatar 'yar sauran wuta a batir don famfon mai ya yi aiki. Na uku, a tsakanin motocin wancan zamani, mai giyar hannu ta fi otomatik ƙarancin shan mai. Golf 3 mai lafiya, ba lodi, ta kan sha lita 7 zuwa 8 a kilomita 100 a kan kwalta, tankinta kuwa lita 55 ya ke ci. Na huɗu, kayan gyaranta ba su da wuyar samu, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Fanteka a Kaduna.

To, amma wannan sauƙi yana da sharaɗi. Tun da direba ne ke zaɓen giya, shi ne kuma ke da alhakin duk ɓarnar da mugun zaɓe ya jawo.

LODI

Ko wace mota tana da iyakar nauyin da maƙeranta suka yarda ta ɗauka, an rubuta shi a wani ɗan allo a jikin ƙofa ko kusa da injin. Golf 3 ita kaɗai ta ɗan haura kilo 1,000. Abin da aka yarda a ɗora mata wajen kilo 500 ne, mutane da kaya gaba ɗaya. Starlet ba ta kai haka ba.

Ga lissafin. Buhun masara kilo 100 ne, buhun takin zamani kilo 50, babban mutum kuma a ce kilo 70. Direba shi kaɗai da buhun masara huɗu, kilo 470 ke nan, mota ta cika. Ko direba da buhun taki takwas. In kuwa akwai fasinja huɗu ban da direba, buhu guda kaɗai ya rage mata. Wanda ya loda buhu goma, ya ɗora wa motar nauyin wata motar irinta a bisa kanta.

Wani zai ce ai tana ja. Gaskiya ne tana ja, jaki ma ya kan tashi da kayan raƙumi, amma ba ya daɗewa. Ga abin da ke faruwa a ciki.

Waɗannan motoci da tayoyin gaba su ke ja, da su kuma su ke juyawa, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. In aka tara nauyi a but, musamman wanda ya leƙo bayan tayoyin baya, sai gindin mota ya zauna, gabanta ya ɗaga. Tayoyin gaba su rasa kama ƙasa. Shi ya sa mota mai lodi ta kan yi ta ƙwaƙular ƙasa a hawa ko a taɓo ba ta gaba, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu, da dare kuma fitilunta su haska sama, su kashe wa mai zuwa ido.

Sa'an nan birki. Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. In nauyi ya ninka, zafin ya ninka. In gudu ya ninka, nisan da mota za ta yi kafin ta tsaya ya kan ninka sau huɗu. Birkin da ya yi zafi fiye da kima ya kan daina kamawa, ko da an taka shi har ƙasa. Taya ma tana da iyakarta. In nauyi ya danne ta, gefenta ya yi ta lanƙwasa yana zafi, har ta fashe, galibi da tsakar rana a kan kwalta, lokacin da a ke gudu.

Waɗansu su kan sa a ƙara wa mota sifirin mai tauri, ko a ɗaga bayanta, don kada ta zauna. Wannan ɓoye ciwo ne kawai. Birki da taya da kuloci suna nan yadda maƙera suka yi su, ba abin da ya ƙaru a ƙarfinsu. Ban da haka, lodin da ya wuce ƙa'ida laifi ne wanda Hukumar Kiyaye Haɗurra, da aka kafa a 1988, ta ke kama direba a kansa.

In za a yi lodi, a kwantar da kujerar baya, a tura buhuna gaba su zauna tsakanin tayoyin gaba da na baya, masu nauyi a ƙasa. A ƙara wa tayoyin baya iska yadda aka rubuta. A Golf, takardar awon iska tana cikin murfin tankin mai. In kaya sun fi sawu ɗaya, a yi sawu biyu, ko maƙwabta su haɗa kuɗi su ɗauki babbar mota. Garin neman ƙiba a kan samo rama.

Akwai kuma kayan da ke cin mota ko ba su da nauyi. Takin zamani, musamman yuriya, in ya zube a but ya sha danshi, ya kan ci ƙarfe har ya huda shi. Fitsarin awaki ma haka. A shimfiɗa tamfol kafin lodi, a share a wanke bayan an sauke. Maganin feshi kuwa kada a haɗa shi wuri ɗaya da hatsi ko kayan miya, kada kuma a ajiye jarkar fetur inda mutane ke zaune.

KULOCI DA ƘAFAR DIREBA

Kuloci faifai ne da ke tsakanin injin da giyabos. A kwatanta shi da dutsen niƙa da ɗansa. In an danne su sosai suka zama ɗaya, ba abin da ke goguwa. In an raba su sarai, nan ma ba abin da ke goguwa. Amma in suna taɓa juna sama-sama, ɗaya na motsi a kan ɗaya, to, niƙa a ke yi. Haka kuloci ya ke. In ƙafa ta sauka daga kansa ɗungum, lafiya. In an taka shi har ƙasa, lafiya. Rabin taki shi ne niƙa, abin da a ke niƙawa kuwa faifan ne.

Halaye huɗu ke cinye faifan kuloci. Ɗora ƙafa a kansa ana tafiya, ko da ba a danna ba. Riƙe mota a hawa da rabin kuloci maimakon birkin hannu. Tashi da giya ta biyu don ƙyuyar canji, alhali da lodi. Da kuma yawan ba da wuta da rabin kuloci in mota ta kafe a yashi. Wannan na ƙarshe ya kan ƙone sabon faifai a yini guda. In mota ta kafe, a sauke kaya, a haƙe gaban taya, a shimfiɗa kara ko rassa, a sa mutane su tura. Ya fi arha.

Ga yadda a ke gane faifai ya kusa ƙarewa. A kan hawa, cikin giya ta huɗu, in an taka totur injin ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. A kan kuma ji ƙauri kamar na ƙonannen birki. Ana iya gwadawa a tsaye: a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a saki kuloci sannu a hankali. Mota mai lafiyayyen kuloci mutuwa za ta yi. In ta ci gaba da aiki, faifai ya tafi. Ran da za a sake shi, a sake har da abin da ke danne shi da ɗan boris ɗinsa gaba ɗaya, gama sai an sauke giyabos kafin a kai gare su, kuɗin aikin kuwa ɗaya ne.

Zaɓen giya ma da lura. Waɗansu direbobi su kan yi saurin kai wa giya ta biyar wai don tsimin mai, mota na karkarwa tana ƙwanƙwasa. Wannan wahal da injin ne, tamkar a ɗaura wa maraƙi garma. Da lodi ko a hawa, a koma ƙaramar giya tun injin bai fara nishi ba. Kada a sa ribas sai mota ta tsaya cik. Kada kuma a mai da sandar giya wurin hutar da hannu.

Mafi haɗari duka shi ne sakin mota furi a gangara, balle a kashe injin. Giyar da aka hau tudu da ita, da ita a ke sauka, domin injin ya riƙe motar, birki ya huta. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, mota mai lodi in aka bar wa birki shi kaɗai, zai yi zafi ya saki tun ba a kai ƙasa ba. In an kashe injin kuma, abin da ke taimakon ƙafa wajen taka birki ya daina aiki, sitiyari ma yana iya kullewa. Tsimin da a ke nema kuwa babu shi, gama mota mai injekta ta kan yanke mai da kanta in tana gangara cikin giya ba a taka totur ba.

Giyabos na da nasa mai dabam, wajen lita 2 a Golf, kuma shi aka fi mantawa da shi. In yana yoyo ya ragu, giya ta biyar ce ke fara lalacewa, ta riƙa kuka ko tana fita da kanta. Duk ran da aka yi juye, a sa makaniki ya duba shi.

ƘURA DA BAƘIN MAI DA RUWA

Kafin injin ya ƙona lita guda ta fetur, sai ya shaƙi iska wajen lita 9,000. A hanyar burji da hunturu, wannan iska cike ta ke da ƙura, ƙura kuwa garin dutse ce. Abin da ya tsaya tsakaninta da cikin injin 'yar matatar iska ce ta takarda, wadda makanikai ke kira filta. In ta toshe, mota ta rasa ƙarfi. In ta huje, ko aka cire ta wai don mota ta sha iska, ƙura ta shiga ta gauraya da baƙin mai, ta yi ta goge fistin da zobbansa kamar yadda a ke goge tukunya da toka. Ƙarshenta mota ta fara shuɗin hayaƙi tana shan baƙin mai, sai sauke injin. Da rani a buɗe matatar ko wane mako a kakkaɓe ta a hankali. Ba a wanke ta da ruwa ko da fetur. In ta yage ko ta yi baƙi ƙirin, a saya sabuwa, kuɗinta bai kai na mudun zobban fistin ba.

Baƙin mai shi ne jinin injin. A duba shi ko wace safiya kafin a ta da mota, a wuri mai daidai, ya kasance tsakanin zane biyu na sandar gwaji. A hanyar ƙura a yi juye ko wane kilomita 5,000, a sake matatar mai tare da shi. Injin irin wannan bai fi lita 4 ya ke ci ba. A sayi mai a rufaffen galan. Na kwalba da a ke aunawa a bakin hanya, ba a san asalinsa ba, wani tsohon mai ne aka tace. In jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a tsaya nan take a kashe injin, kada a ce bari a ƙarasa kasuwa. A hanya mai duwatsu kuma a yi hattara, domin kaskon mai a ƙarƙashin injin ya ke, mota mai lodi kuwa kusa da ƙasa ta ke tafiya.

Fetur ma haka. Na jarka a wurin 'yan bumburutu ya kan zo da ruwa ko datti. In dole ta sa an saya, a tace da tsabtataccen ƙyalle, a kuma riƙa sake matatar fetur a kan kari.

Sai lagireto. Ruwan rijiya ko na rafi ya kan bar farin gishiri da tsatsa a cikin 'yan siraran bututunsa, kamar yadda ya ke bari a gindin buta, har su toshe. A sa ruwan lagireto na kanti mai launi, wanda ke hana tsatsa. Akwai wata 'yar ƙofa a hanyar ruwan, makanikai na ce da ita tamosta, wadda ba ta buɗewa sai ruwa ya kai zafin digiri 85 zuwa 90. Da yawa su kan cire ta, su ce ta ƙasar sanyi ce. Kuskure ne. An ƙera injin ya yi aiki da wannan zafi ne. In ya rasa shi, ya ƙara shan mai, ya kuma yi saurin cinyewa. Mota in tana zafi, a nemi ainihin dalili: ko yoyo, ko fanka, ko murfi, ko toshewa. Da kaka ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa su kan liƙe a fuskar lagireto, a riƙa cire su. In ruwa ya tafasa, kada a buɗe murfi sai ya huce, kada kuma a kwara wa injin ruwan sanyi, kansa na iya tsagewa. Salansa kuwa da zafi ta ke, kada a tsai da mota a kan busasshiyar ciyawa ko karmami.

Akwai kuma bel mai haƙora a gefen injin, wanda a ke kira taimin bel. Ba ya ba da sanarwa kafin ya tsinke, a waɗansu injuna kuma in ya tsinke ya kan yi ɓarna a ciki. A sake shi wajen ko wane kilomita 60,000. Wanda ya sayi mota bai san ran da aka sake shi ba, ya fara da shi.

AIKIN KO WANE LOKACI

Kamar yadda gona ke da aikin ko wane wata, haka mota.

Kafin damina, lokacin jigilar taki da iri, a duba tayoyi da abin share gilashi da fitilu. A duba robobin da ke rufe gaɓoɓin shaf a bayan tayoyin gaba. In roba ta yage, laka ta shiga, sai a fara jin ƙas-ƙas in ana kwana. Roba arha ce, shaf da tsada.

Da damina, kada a shiga ruwan da ya wuce tsakiyar taya. In injin ya shaƙi ruwa, sandunan fistin na iya lanƙwashewa nan take. A ƙetare da giya ta ɗaya, ba tsayawa, bayan an fita a ɗan tattaka birki ya bushe. In mota ta mutu a cikin ruwa, kada a sake ta da ita, a jawo ta.

Kafin kaka a gyara birki da kuloci da shakazoba, tun aiki bai yi yawa ba. Man birki a sake shi ko wace shekara biyu, domin yana shan danshi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai tumatir ko barkono ɗanye in mota ta kwana da shi a daji, hasararsa ta fi kuɗin gyaran sau da yawa.

Da bazara a sa ido ga lagireto da taya. Ko wace taya tana da lamba huɗu a gefenta, biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta tsufa ta bushe.

GA MAI SHIRIN SAYE

Ya tafi da nasa makaniki, ba na mai sayarwa ba. Ya sa a ta da motar da safe tun injin na da sanyi, ya dubi hayaƙi. Shuɗi, tana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwa na shiga injin. Baƙi, fetur ya yi mata yawa. Ya buɗe murfin baƙin mai, in ya ga wani abu kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya nemi tsatsa, gama a Turai a kan zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa na cin gindin mota. Ya hau ta ya gwada ko wace giya har ribas. Kada ya dogara ga lambar kilomita da ke gaban direba, ana iya juya ta. Ya tabbata lambar jikin mota ta yi daidai da ta takardun kwastan. Kada kuma ya zuba duk abin da ya mallaka a kuɗin saye. Ya rage na juye, da bel, da tayoyi, da ba za su jira ba.

LITTAFIN MOTA

Daga ƙarshe, ko wace mota ta sami ɗan littafinta, a rubuta kwanan wata, da tafiyar da aka yi, da man da aka sha, da gyaran da aka yi. Misali, mutumin da ke tsakaninsa da kasuwa kilomita 60 ne, zuwa da dawowa 120, zai sha wajen lita 10 a ko wane sawu. In yana zuwa sau biyu a mako, zai cika kilomita 5,000 cikin wata biyar, lokacin juye ke nan. Taimin bel kuma wajen shekara biyar. In littafi ya nuna sawun da ke cin lita 10 ya koma cin 13, akwai abin da ya taɓu, a nema tun yana ƙarami.

Littafin nan kuma shi ke raba gardama a kan lodi. Mai buhu takwas in ya raba su sawu biyu, abin da ya ƙara lita 10 ne da rabin yini. Ya ɗora wannan a gefe guda, ya ɗora kuɗin faifan kuloci da shakazoba biyu da taya a ɗaya gefen, ban da ran mutanen da ke ciki, wanda ba shi da farashi. Daga kuɗin ko wane sawu kuma ya ware wani abu na gyara kafin ya kira saura riba, kamar yadda manomin kirki ya ke ware iri kafin ya buɗe rumbu ga ci. In kunne ya ji, jiki ya tsira.